Hukuncin Sada Zumunci Ta Waya Da Kafafen Sada Zumunta

Tambaya

Ni mutumin Gayam ne a ƙasar Birnin Gwari, amma neman abinci ya zaunar da ni a Kaduna. Mahaifiyata da ƙannena suna gida, wasu daga cikin danginmu kuma rashin tsaro ya sa sun koma Zariya da Funtuwa. Ban cika zuwa gida ba saboda halin hanya, sai dai kullum muna gaisawa ta waya da zauren WhatsApp na iyali. Shin wannan ya shiga cikin sada zumuncin da Allah Ya yi umarni da shi? Sannan akwai ɗan'uwana da muka samu saɓani, idan na tura masa sallama a saƙo na fita daga zunubin gaba?

Amsa a taƙaice

Kiran waya da saƙon murya da rubutaccen saƙo duk suna cikin sada zumunci, kuma akwai lada a kansu gwargwadon niyya, domin shari'a ta wajabta zumunci amma ba ta ƙayyade masa hanya guda ba. Wanda tsoro ko nisa ya hana shi ziyara, ya riƙe danginsa ta waya, ba a kiransa mai yanke zumunci. Sai dai saƙo ba ya sauke haƙƙin da ke bukatar dukiya ko zuwa da ƙafa, matuƙar mutum yana da iko.

Amsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Matsayin zumunci a Musulunci

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa sada zumunci wajibi ne a dunƙule, yanke shi kuma yana cikin manyan zunubai. A ayar farko ta Suratun Nisa'i Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa umarnin jin tsoronSa da kiyaye zumunci a wuri ɗaya. A Suratu Muhammad, aya ta 22 da ta 23, Ya jera yanke zumunci tare da ɓarna a bayan ƙasa, Ya ambaci la'ana a kan masu aikata hakan.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (Allah Ya yarda da shi) cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya sanya sada zumunci sababin buɗin arziki da tsawon kwana. Sun kuma ruwaito daga Jubairu ɗan Muɗ'im gargaɗin da ya yi wa mai yanke zumunci da haramcin shiga Aljanna. Saboda haka damuwar da kake da ita tana bisa hanya, domin al'amarin babba ne.

Game da dangin da ake nufi, wasu malamai sun taƙaita wajibcin a kan muharramai, wato waɗanda aure ya haramta a tsakaninsu, kamar iyaye da kakanni da 'ya'ya da 'yan'uwan haihuwa da baffanni da kawunnai da gwaggonni da innoni. Wasu kuma sun ce ya haɗe duk wanda jini ya haɗa ku, kuma wannan shi ne abin da Imamu Nawawi ya rinjayar. A kowane ra'ayi, na kusa ya fi na nesa haƙƙi, uwa kuma ita ce kan gaba, kamar yadda hadisin Abu Huraira ya nuna, inda aka ambaci uwa sau 3 kafin a ambaci uba.

Shari'a ba ta ƙayyade hanyar zumunci ba

Sallah tana da adadin raka'o'i, zakka tana da nisabi, azumi yana da wata. Zumunci kuwa ba a yanka masa adadi ko siffa ba. Ƙa'idar malamai ita ce, duk abin da nassi ya yi umarni da shi bai bayyana iyakarsa ba, ana komawa ga al'adar mutane ta gari. Abin da mutanen wuri suke ɗauka kulawa ne, shi ne sadarwa. Abin da suke ɗauka watsarwa ne, shi ne yankewa.

Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya bayyana cewa zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙanƙantarsa shi ne barin gaba da yin magana ko da sallama ce, kuma yana bambanta gwargwadon iko da bukata. Wanda ya yi wani abu bai kai ƙarshe ba, ba a kiransa mai yankewa, wanda kuma ya gaza abin da yake iyawa kuma ya kamace shi, ba a kiransa mai sadarwa. Nawawi ya kawo wannan bayani a sharhinsa na Sahihu Muslim.

Aika gaisuwa daga nesa ma yana da asali a Sunna. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya isar wa Nana Khadija da Nana A'isha gaisuwar Mala'ika Jibrilu. Ya aika wasiƙu ga Hiraƙla da Kisra da Najjashi da Muƙauƙis, aka ɗauki wasiƙar a matsayin isar da saƙo cikakke. Daga irin wannan malaman fiƙihu suka fitar da ƙa'idar cewa rubutu yana tsayawa a matsayin magana. A ƙasar Hausa iyayenmu sun riƙe dangi ta hanyar ba fatake da direbobin tasha sallahu, da wasiƙar ajami, da ɗaukar murya a kaset a aika wa na ci-rani, da gaishe-gaishe a shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001, da Facebook da aka kafa a 2004, da WhatsApp da ya biyo baya a 2009, sun zo ne a kan wannan layi. Hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita, wanda ya nufi zumunci da wayarsa yana cikin ibada.

Uzurin wanda tsoro ya hana shi ziyara

Halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da dama 'yan bindiga da ke fakewa a dazukan Kamuku da Kuyambana sun addabi ƙauyuka, sun tare hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Birnin Gwari zuwa Funtuwa, har ta kai matafiya suna jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanya. Gidaje da yawa sun watse, uwa tana wani gari, ɗa yana wani.

Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma a aya ta 195 ta wannan sura Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Hajji ma, wanda yake rukuni ne, malamai sun sanya amincin hanya cikin sharuɗɗan wajabcinsa, balle ziyarar dangi. Don haka duk lokacin da ya rinjaya a zatonka cewa hanya ba ta da aminci, babu laifi a kanka idan ka zauna. Ana ma fatan za a rubuta maka ladan ziyarar da ka saba, domin a yaƙin Tabuka Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya ba sahabbai labarin wasu mutane da uzuri ya tsare su a Madina, amma suna tarayya da su a lada.

Mutanen yankin sun ga darajar wannan ni'ima ta waya a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, don yaƙi da 'yan bindiga, ba a sanar da ɗage matakin ba sai ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci wanda ke nesa ba ya jin labarin haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa sai in wani ya fito daga gida. Wanda ya ɗanɗani haka ya san cewa jin muryar uwa a waya ni'ima ce da ta cancanci godiya, godiyarta kuwa ita ce amfani da ita a inda Allah Yake so.

Ka lura kuma, hukuncin da aka rataya a kan uzuri yana gushewa idan uzurin ya gushe. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, zirga-zirga ta ƙaru a hanya. Yanayin tsaro abu ne mai sauyawa, saboda haka ka riƙa tambayar amintattun mutanen gida da direbobin da ke bin hanyar. Duk lokacin da aka samu sauƙi, ka je ka ga mahaifiyarka, kada rangwamen kwanakin tsoro ya zame maka ɗabi'a a kwanakin lafiya.

Yadda zumunci yake ƙara ƙarfi ta waya

Yawan saƙonni ba shi ne ma'auni ba. Mutum yana iya tura hoton barka da Juma'a ga mutum 200 a dannawa ɗaya, alhali bai san gwaggonsa tana kwance ba. Ga abubuwan da suke mayar da sadarwar waya zumunci na gaskiya:

Na ɗaya, ka ware wa iyaye lokaci sananne. Kira ɗaya bayan sallar Asuba ko bayan Magariba, wanda mahaifiya ta san yana zuwa, ya fi kira goma na ba-zata, domin yana kwantar mata da hankali. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya bayyana cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah. Idan sabis yana wahala a ƙauye, ku tsayar da rana da lokacin da za ta kasance a inda waya take kamawa.

Na biyu, ka zaɓi hanyar da ta dace da wanda kake nema. Tsoho da tsohuwa da ba su karanta boko, murya suke so. Saƙon murya yana da amfanin cewa yana jira har sabis ya dawo, kuma tsohuwa tana iya sa jika ya maimaita mata shi. Kiran bidiyo kuwa yana sa kaka ta ga jikokin da aka haifa a birni, su ma su tashi sun san fuskarta.

Na uku, ka kira kowa da sunan girmamawar da ya saba ji, ka yi cikakkiyar gaisuwa kamar kana durƙushe a gabansa. Baffa yana nan baffa ko a waya, Yaya tana nan Yaya ko a zauren WhatsApp. Ka tambayi gona da dabbobi da jikin mara lafiya da karatun yara, ka riƙe abin da aka faɗa maka don ka sake tambaya a kira na gaba. Wannan shi yake nuna wa mutum cewa ana saurarensa.

Na huɗu, ka ɗauki nauyin sadarwar. Saka wa mahaifiya kati ko data, ko saya mata ƙaramar waya mai riƙe caji, ko biyan kuɗin caji a shago, duk ciyarwa ce a kan dangi. Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Salmanu ɗan Amir cewa sadaka ga dangi tana da lada biyu, na sadaka da na zumunci.

Na biyar, ku mayar da zauren iyali wurin taimakon juna. A nan ake sanar da haihuwa da ɗaurin aure da rasuwa, a haɗa kuɗin asibiti ko na makarantar maraya. Sanar da rasuwa don a yi sallah da addu'a halal ne, domin Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi a ranar da ya rasu. Sai dai ladabi shi ne a kira makusantan mamaci a faɗa musu da baki cikin lallashi kafin a rubuta a zaure, kada ɗa ya tsinci labarin mutuwar ubansa a tsakanin saƙonni.

Na shida, ka amsa sallamar da aka rubuto maka. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarnin mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko kwatankwacinta, Nawawi kuma ya ambata a littafinsa Al-Azkar cewa sallamar da ta zo a rubuce wajibi ne a amsa ta idan ta iso. Karanta saƙon ɗan'uwa a yi shiru, alhali yana ganin alamar an karanta, yana haifar da zargi a zuciya.

Abin da saƙo ba ya saukewa

Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, kuma akwai gaskiya a ciki da shari'a ta tabbatar. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, gaisuwa ba ta maye gurbinsa. Idan mahaifi ko mahaifiya suna jinya, babu mai kula da su, kuma kana da ikon zuwa ko ɗauko su zuwa inda kake, kiran waya bai isar maka ba. Haka raka gawa da duba mara lafiya da amsa gayyata suna cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, asalinsu kuma a yi su da jiki ne ga mai iko.

Wanda yake gari ɗaya da iyayensa ko baffansa, lafiyarsa ƙalau, amma sai wata ya wuce bai taka gidan ba yana cewa ai muna waya, wannan a al'adarmu an san ya gaza, kuma hukuncinsa daban yake da na wanda daji da bindiga suka shiga tsakaninsa da gida. Akwai kuma wanda yake zaune a gaban mahaifiyarsa amma idonsa yana kan waya, tana magana yana amsawa da ka. Haƙƙin wanda ke gabanka shi ne farko.

Sallama a saƙo ga wanda ake gaba da shi

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ayyub Al-Ansari haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana 3, da cewa mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala cewa sallama tana fitar da mutum daga gaba, amma bai kamata ya ci gaba da ƙin yi masa magana bayan sallamar ba.

Saboda haka idan ɗan'uwanka yana nesa, ka aika masa sallama a rubuce ko da murya da niyyar gyara, ana fatan ka fita daga zunubin gaba. Idan ya amsa kun yi tarayya a lada, idan ya ƙi laifin ya koma kansa. Kira ya fi rubutu, domin murya tana ɗauke da taushin da rubutu ba ya nunawa. Kada ka cusa tsohuwar magana a saƙon farko, kada kuma ka yi shi a zaure gaban jama'a. Idan bai amsa ba ka sake bayan kwanaki, ka nemi wani babba a dangi ya shiga tsakani. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa cikakken mai zumunci shi ne wanda yake sadarwa bayan an yanke masa, wanda yake rama alheri da alheri kawai bai kai wannan matsayi ba. Toshe lambar ɗan'uwa ko cire shi daga zauren iyali don fushi a kan abin duniya nau'i ne na gaba, sai dai in ana gudun wata cuta tabbatacciya daga gare shi.

Abubuwan da za a kiyaye

Labarin tsaro. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu yaɗa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, ta nuna a mayar da shi ga ma'abota al'amari. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarnin bincike kafin a ɗauki labari. Muslim ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi ƙarya. Saƙon murya guda na cewa an shiga gari kaza, wanda ba a tabbatar ba, yana iya tayar da ƙauye cikin dare ko ya jefa mai hawan jini cikin haɗari. Kafin ka tura, ka kira wanda yake wurin. Idan labarin gaskiya ne kuma gargaɗi zai ceci rai, ka isar da shi ga waɗanda abin ya shafa da jami'an tsaro da masu unguwa. Kada ka yaɗa hotunan gawarwaki, domin mamaci yana da alfarma, iyalansa kuma suna gani.

Sirrin tafiya da dukiya. Kada ka rubuta a zaure ko a Facebook ranar da za ka taho gida, ko motar da za ka shiga, ko kuɗin da aka aika, ko yawan buhunan da aka girbe. Zaure mai mutum da yawa ba ka san hannun da kowace waya take shiga ba. Irin wannan magana ta tsaya tsakaninka da wanda ya zama dole ya sani.

Amana da gulma. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa maganar da mutum ya faɗa yana waige-waige amana ce. Saƙon da 'yar'uwarka ta turo maka a keɓe tana kuka da mijinta ko kishiyarta yana cikin wannan, tura shi ga wani cin amana ne, idan kuma don a haɗa faɗa ne ya zama annamimanci. Gulmar da aka rubuta daidai take da wadda aka faɗa, har ta fi daɗewa, domin tana nan a ajiye ana sake karanta ta.

Iyaka tsakanin maza da mata. Ɗan baffa da ɗan kawu da 'yar gwaggo dangi ne, amma ba muharramai ba ne, haka ƙanin miji da mijin ya. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya tsananta gargaɗi a kan sakin jiki da dangin miji a hadisin Uƙba ɗan Amir. Ke 'yar'uwa, gaisuwa da tambayar lafiya cikin kamun kai ba laifi, amma doguwar hira a keɓe cikin dare da musayar hotuna da wasan taubasantaka da ya wuce kima ƙofar fitina ce, kuma ta rusa gidaje. Kai ma ɗan'uwa hukuncin ɗaya ne a kanka.

Damfara da sunan dangi. Ɓarayi suna ƙwace lambar WhatsApp ta mutum ta hanyar yaudararsa ya ba su lambobi 6 da ake turowa wayarsa, sannan su riƙa roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Kada ka ba kowa waɗannan lambobi, ka koya wa iyaye da ƙanne haka. Duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura.

Lokaci. Ka guji kira a lokutan hutu da keɓewar iyali, irin waɗanda aya ta 58 a Suratun Nur ta ambata, wato kafin Asuba da tsakar rana da bayan Isha'i, sai da larura ko in kun saba da hakan. Kada kuma hira ta sa ka jinkirta sallah.

Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da sauran garuruwan Musulmi lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya haɗa zukatan dangi a kan alheri.

Allah ne Mafi sani.